Kujerun da Sunka Sha Man Shanu

Tun ranar da munka je ɗauko motar na gane Kawu bai saye ta don tafiya ba. Mutane in za su sayi mota injin suke buɗewa, su saurari kukanshi, su shuri taya. Shi ko ƙofar baya ya buɗe, ya zura kai ciki, ya ja numfashi kamar wanda anka miƙa wa turaren Makka. Ya daɗe a duƙe har na fara tunanin ko suma ya yi a tsaye.

Lokacin ana aikin dam a Kainji, arziki na yawo bakin kogin Kwara, wani ya faɗo aljihun Kawu. Da can dillalin banda ne a kasuwar Yelwa, in ya ratsa unguwa kuliyoyi ke mishi rakiya. Sai ya samu kwangilar kai wa leburorin dam kifi da shinkafa. Ya yi wuya, ya yi tumbi, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinari, ya koyi dariya da gefen baki ɗaya don a gan shi. Da wani baturen aikin ya tashi komawa ƙasarsu, Kawu ya saye motarshi, doguwa, baƙa wulik.

Ni ne direba. Na bar makaranta a aji huɗu, ba korata anka yi ba, malamin ya gaji, ni ma na gaji, munka rabu lafiya. Daga nan sai tasha, sai karen mota, sai sitiyari. Kawu bai san birki da giya ba, kuma ɗan 'yar uwa ya fi bare sauƙin zagi, shi ke nan na samu aiki.

Ba zan ci amanar motar ba, cikinta ya yi. Kujerun fata ne, launin madarar da anka ɗiga wa zuma, da ɗinki layi-layi wanda sai ka kai ido kusa kake ganin zaren. In ka zauna sai kujerar ta yi ajiyar zuciya ta rungume ka. A tsakiyar ta baya akwai wani matashi da ake jawowa, aikinshi kawai ka ɗora gwiwar hannu. Ka ji fa, gwiwar hannu ma da nata gadon. Gaban direba katako ne ja mai ƙyalli, kana iya duba haƙoranka a ciki. Ƙasa kafet mai kauri da ƙafa ke nutsewa, rufin sama kuma wani yadi mai laushi kamar cikin kunnen zomo. Har da 'yan akwatunan toka a jikin ƙofofi, masu murfin azurfa. Duk wannan ɗawainiya wasu sunka yi ta can ƙasar sanyi saboda mazaunan mutum guda.

Kawu ya kafa doka. Ba a cin goro a ciki. Ba a shiga da takalmi. Ba a tari sai an leƙa waje. Ya shimfiɗa buzu a kan kujerar baya, ya ɗora tabarma a kan buzun. Shi kanshi bai yarda da jikinshi ba, gaba yake zama kusa da ni, a kan wankakken buhun gari, a ɗosane kamar baƙon da ya zo biko. Kujerar baya ta kallo ce. In manyan kasuwa sun zo gaisuwa sai ya kai su, ya ɗaga kusurwar tabarma, ya ce su taɓa. Da yatsa ɗaya. Kuma sai ya duba yatsan tukuna.

Wata rana na ce mishi, "Kawu, in mun je Kontagora a sayo mata katanga mana, a zagaye."

Ya ce, "Kai wanga, bakinka zai kashe ka."

"Ai ba a ciki zan mutu ba, Kawu, kar in ɓata kafet."

Inna, uwata, ita ce yayarshi. Uwarsu ta rasu yana jinjiri, Inna ta goye shi, ita ta tauna mishi tuwo. Duk Yelwa na ce mishi Alhaji, ita ko har gobe auta take ce mishi. Sana'arta banda, a bayan gidanmu take ƙyafe kifi tun kafin a haife ni. Hayaƙin ya shiga zannuwanta, ya shiga gashinta, ya shiga tafin hannunta. Ni ban taɓa jin shi wari ba, ƙanshin gida ne a wurina.

Asalinsu wani ƙauye ne na bakin ruwa ta wajen Ngaski. An riga an gaya wa kowa in an toshe Kwara ruwa zai hau ya cinye shi, har an kwashe mutanen an kai su sabon gari a tudu, cikin ɗakunan siminti masu zafi kamar tanda. A bayan tsohon gidansu, gindin wata tsamiya, nan anka rufe uwarsu. Abu ɗaya Inna ke so: ta je ta tsaya a wurin da ƙafarta, ta yi addu'a, ta yi wa gidan sallama kafin ruwa ya rufe.

Gwiwoyinta sun riga sun gaji, da sanda take tafiya. Duk da haka ta ce a ɗora ta a babbar mota ranar kasuwa, yaran mota su ciccibe ta, ba komai. Kawu ya ji. Ya zo har gida, gaban maƙwabta, ya buga ƙirji.

"Yaya ta hau bayan gingimari da awaki, ni ina da mota? Mi mutane za su ce? Wallahi ba ki zuwa sai a motata. A kujerar baya."

Inna ta yi murmushi ta ce, "To, auta. Allah shi yi albarka."

Da wannan rantsuwar ya ɗaure ta. Ko da na ce mata daga baya in nemo mata wuri a gaban motar wani abokina, cewa ta yi ba za ta kunyata ɗan uwanta ba, ya yi magana gaban jama'a.

Da rani Kawu ya ce ƙura ta yi yawa, jar ƙasar hanyar Ngaski in ta shiga ɗinki ba ta fita, a bari ruwa ya sauka ya kwantar da ita. Ruwa ya sauka. Ya ce taɓo, a bari hanya ta sha iska. Hanya ta sha iska, wani ruwan ya sake sauka. Ni da nake tuƙa shi kullum na san ba ƙura ba ce, ba taɓo ba ne. Wata rana muna dawowa daga kasuwa ya kasa riƙewa.

"Ka san fata tana riƙe ƙarni."

"Wace fata?"

"Ta kujera mana. In ƙarnin banda ya shige ta, har abada. Baturen ya gaya mini."

"Da wane harshe ya gaya maka, Kawu? Turancinka bai wuce gudumoni ba."

"Da hannu ya nuna."

Na dube shi. Mutumin da in ya yi zufa har yanzu tarwaɗa ke fita daga jikinshi. Na ce, "To ai kai ma an yi sa'a buhun gari na tare ka."

Bai yi dariya ba, haƙorin zinarin bai fito ba.

Magana ba ta kwana a gidan Kawu, ta bi ta bakin mata ta iso wurin Inna. Sai kawai na ga ta kashe wutar banda. Masu kawo mata ɗanyen kifi sunka zo, ta ce su kai wa wata. Ta aike ni kanti in sayo sabulu mai ƙanshi, irin na amare. Ta fiddo sabon zane daga ƙasan adaka, kullum ta shanya shi a igiyar da ke nesa da murhu. Tsohuwa da jikoki tana goge tafin hannu da dutse safe da yamma, tana sunsunawa, don kar ta ɓata wa fatar saniyar wata ƙasa rai.

Shi kuwa Kawu a lokacin gini yake. Ya yi wa motar ɗaki na kanta, da ƙofar kwano, babu taga ko ɗaya don kar ido ya kama ta. Da damina ta kankama ya sa na shigar da ita, na ɗaga gilasai har sama, ya rufe da kwaɗo, ya rataya makulli a wuya tare da layunshi. Kasuwa ma da ƙafa ya koma zuwa. Ni na zama direban da ba ya tuƙa komai sai hira a tasha.

Ana nan anka toshe kogin. Masu jirage da ke zuwa Yelwa sunka fara kawo labari. Yau ruwa ya ci fadamar albasa. Gobe ya ci mashigin da ake ɗaure jirage. Inna takan dogara sanda ta je bakin ruwa ta tare su, ta tambayi tsamiya. Su ce tana nan, Inna, amma ki yi sauri. Ta dawo ta aike ni wurin Kawu. In je in dawo da "in sha Allahu".

Da dai surutun mutane ya fara isarshi, har liman ya yi mishi tambaya bayan sallar Juma'a, sai ya sa rana. Munka je buɗe ɗakin mota da safe. Ina ɗaga tabarma da buzu na ja da baya. Kujerar ta yi gemu. Funfuna ce fara-fara da kore-kore, ta bi layin ɗinki kamar an shuka ta da igiya, ta hau jikin ƙofofi, ta hau matashin gwiwar hannu. Damshin Yauri, ɗaki rufe, gilas rufe, buzu a sama, mi ake jira?

Kawu ya zauna a ƙasa. Ban ga ya zauna haka ba ko ranar da jirginshi na kifi ya kife.

Da ya dawo hayyacinshi ya ce, "Yunwa ce. Fatar ta ji yunwa."

Kuma a iya saninmu gaskiyarshi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa fata in ta yi funfuna ko ta bushe. Takalmi ne, sirdi ne, linzami ne, guga ce, ka goge, ka shafe ta da mai, ka ajiye a rana ta sha. Na ce to a kawo man kaɗe. Ya harare ni.

"Man kaɗe na takalmin talaka ne. Wagga fatar bature ce. Man shanu za ta sha."

Ya tafi kasuwa da kanshi ya saye ƙwarya guda cur a hannun wata Bafillata. Matar ta tambaye shi ko suna za a yi. Ya ce kusan haka.

Munka tuɓe riguna munka shiga aiki. Mun goge funfuna da tsumma, sannan Kawu ya dinga ɗibar mai da hannu yana mulkawa, yana tura shi cikin ɗinki da ɗan yatsa, yana yi wa kujera magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Kujerar baya ta sha, ta gaba ta sha, jikin ƙofofi ya sha. Da ya ga sauran mai a ƙwarya ya ce katakon ma ai ɗan uwa ne. Na fito da motar tsakar gida, munka ɗaga gilasai, munka bar ta a rana.

Ba ta sha ba. Ashe fatar bature ba irin ta dukawanmu ba ce, akwai wani abu da sunka shafe fuskarta da shi, mai ba ya ratsawa. Sai ya narke ya kwanta a sama yana ƙyalli, ya gangara ta ramukan allura ya shige cikin abin da anka cusa a ƙasa, ragowar ya ɗiga a kafet. Kawu ya taɓa, yatsa ya fito sharkaf.

"Ba ta saba ba ne. A ƙara mata kwana."

Na ce, "Kawu, ruwa fa ba ya ƙara wa kowa kwana."

"Kana so in zaunar da yayata cikin mai?"

Ka ji mutumin kirki. Yanzu kuma tausayin zanen Inna ne ya hana tafiya.

Anka ƙara mata kwana, anka sake ƙarawa. Duk wanda ya taɓa mance man shanu a rana ya san abin da ya biyo baya. Da farko tsami-tsami, daga baya wani ɗoyi mai kama maƙogwaro, wanda in ka buɗe ƙofa sai ya ture ka. Kiyashi sunka yi layi daga gindin katanga, ta kan taya, har cikin akwatunan toka. Ƙudaje sunka tare a gilas. Kuliyoyin da sunka daina bin Kawu tun da ya je Makka sunka dawo da 'ya'yansu.

Ranar da wani mai jirgi ya ce ruwa ya shiga ƙauyen, Inna ba ta aike ni ba. Ta yi wanka da sabulunta, ta ɗaura sabon zane, ta dogara sanda har gidan Kawu. Ta same shi yana kaɗe kiyashi da gashin kaza.

"Auta, yau za mu."

"Yaya, kujerar ba ta…"

"Yau."

Ta cire takalmanta da kanta ta miƙo mini. Na mayar da tabarma a kan kujera, na taimaka mata ta shiga. Kawu ya sa babbar rigarshi fara, don ko ina za shi sai an san shi ne, ya ɗosana a kan buhu.

Ba mu fita gari ba ya ce in ɗaga gilas saboda taɓo. Na ɗaga. Kafin mu wuce makarantar da na bari ya ce in sauke. Tabarma a kan man shanu kuwa ba ta da riƙo. Duk kwanar da na sha sai Inna ta zame daga wannan ƙofa zuwa waccan, a hankali, da sandarta a hannu, fuskarta ko motsi. Kawu ma buhunshi na tafiya da shi, yana dafe katako, hannun na zamewa. Bayan rigarshi ya zama taswira.

Can Inna ta ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mi kunka soya a nan ciki?"

Na cije leɓe har ya kusa jini. Kawu ya ce gyara ne irin na turawa. Ta ce, "Allah Sarki. Ashe su ma suna fama."

Daga nan ta juya ga taga. Tana kallon waje, tana gane itatuwa.

Mun bar babbar hanya munka bi ta ƙauyen, wadda amalanke da jakuna sunka fi sani. Munka gangara wani ɗan tudu, sai hanya ta shige cikin ruwa. Haka kawai, sawun taya biyu sun nufi ruwa sun ɓace. Gaba babu komai sai fari fat har inda ido ya tsaya, da kawunan giginya jefi-jefi.

Akwai wani masunci a gefe yana gyaran komarshi ta kamun kifi, ɗan ƙauyen ne, ya gane Inna, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce zai kai mu. Na goya ta a baya na ratsa taɓo na sa ta a jirgi. Na waiwayo ina jiran Kawu. Yara sun riga sun fito daga gonaki sun kewaye motar, hannuwansu duk laka.

Ya ce, "Ku je. Wani ya tsaya, kar su taɓa."

Inna ba ta waiwaya ba.

Mun bi ta kan gari da jirgi. Kan katangu na leƙowa suna narkewa kamar sukari a koko, jinkar wani rumbu na yawo ita kaɗai, kaza matacciya a kanta. Masuncin yana nunawa da filafilin tuƙi, nan masallaci, nan gidan wane, nan turken dokin mai gari. Tsamiyar tana nan, amma rassan sama kawai. Ya ce kasuwar da ta wuce ma da ƙafa ake zuwa gindinta, ruwan iya ƙauri.

Ya raɓa jirgin a jikinta. Inna ta kama reshe ɗaya ta riƙe. Ta leƙa ƙasa, ni ma na leƙa, ruwan ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Ta daɗe tana motsa baki. Ni da ba na iya minti guda ban yi magana ba, ranar na iya. Da ta gama ta ɗebi ruwan ta shafa a fuska, ta saki reshen, ta ce mu koma.

A bakin gaɓa na diro na juya baya don in goye ta. Ba ta motsa ba. Kawu na tsaye da tsumma a hannu, ya kori yaran sun koma nesa suna toshe hanci.

"Yaya, sauko mu kama hanya kafin hadari."

"Ku tafi. Yaron nan zai kai ni sabon gari, ina da dangi can."

"Ga mota kuma?"

"Na gan ta. Na shiga."

Ya matso har ruwa ya taɓa mishi yatsun ƙafa. "Kun iske wurin?"

"Mun iske ruwa."

Inna ta duƙa tana gyara bakin zanenta inda mai ya ɓata. Sannan ta ce, "Na gaya wa uwarmu kana nan bakin hanya. Na ce aiki ya riƙe ka."

Masuncin ya dube ni, na miƙa mishi takalmanta, ya tura jirgi. Kawu ya kira ta sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ko ta ji ko ba ta ji ba, bayanta kawai munka gani har sunka sha kan wasu giginyu.

Hanyar ba ta da faɗin da doguwar mota za ta juya, dama gona, hagu gona, duk sun jiƙe. Da baya-baya na fito da ita har tudu, wuyana a murɗe ina kallon gilashin baya. Kawu bai shiga ba. Ya biyo ni a ƙasa, ba takalmi, yana tafe yana waiwayen ruwa.